Yoyon Motar Madugu

Ɗaya daga cikinku ya ce mini wai neman yoyon ruwa a mota ba aiki ba ne, ka durƙusa ka leƙa, inda ka ga ɗigo to nan ne. Na yi dariya har na ƙware. Ai inda ruwa yake ɗiga daban, inda yake fitowa daban. Sai ya tsattsafo daga can sama, ya bi jikin ƙarfe a hankali, ya zagaya ya je ya ɗiga a lafiyayyen wuri, kai kuma ka zauna kana ta liƙe wurin kana yabon kanka. Ni na yi wannan wauta, ba sau ɗaya ba. Ku ajiye sifana ku matso, in ba ku labarin motar da ta koya mini aikin, don har yau in na tuna da ita sai in ji jikina yana tsuma.

Ni ba makanike na tashi ba. Lokacin da na yi wayo a Gusau ba wanda ya san wannan kalma. Maƙerin fari ne ni, gadon gidanmu, a hannun kawuna na koya. Muna ƙera zobe da munduwa da kayan linzami, muna liƙin buta da tasa da fitila. Kayan aikin ba yawa: zuga-zugin fatar akuya, awartaki, magagari, 'yar masaba, ƙarfen liƙi mai bakin jan ƙarfe, dalma da kuza, sai sinadarin da ke sa liƙi ya kama. Abin da kawu ya fi dukana a kai shi ne kankarewa. Ƙarfe mai datti ba ya karɓar dalma, sai ka goge shi ya yi ƙyalli tukuna. Na yi shekaru ina kankarewa kafin ya yarda in taɓa butar baƙo, ku kuwa wata biyu kun fara tambayar yaushe za a yaye ku.

Shekarar da na fara taɓa mota muguwar shekara ce. Damina ta yi gardama, ɗan abin da ya fito kuma fara ta sauka ta lashe. A lokacin ina da iyali, ina da rumfata a gefen kasuwa, amma wa zai sayi munduwa ba hatsi a rumbu? Mata ma nasu suke kawowa a saya. Sai in wuni ban hura wuta ba. Shekarun ne ake shimfiɗo hanyar jirgi ta wajen Tsafe, jirgin bai iso Gusau ba tukuna, motocin garin kuwa ba su cika yatsun hannu biyu ba, yawancinsu na kamfanonin auduga da gyaɗa ne.

Wata rana da hantsi sai ga wani dogon mutum da tsohuwar rigar soja, ya ɗauko wani abu na tagulla a ka, faffaɗa, cikinsa kamar saƙar zuma. Ya sauke shi a gabana ya share gumi.

"Maƙeri, an ce kana liƙin buta."

Na ce, "Ina yi."

"To ga babbar buta na kawo ma. Lagireto aka ce mata. Ni Bawa na, direban Madugu."

Na juya abin nan, na leƙa ta sama, na leƙa ta ƙasa, ban ga kansa ba. Sai Bawa ya tsuguna ya ɗauki kara ya zana mini a ƙasa. Ya ce inji wuta ce a cikinsa, ruwa ke zagaya shi yana ɗebe zafin. Ruwan da ya yi zafi sai ya hau sama ya bi tiyo ya shiga lagireto, ya gangaro ta waɗannan siraran bututai, fanka tana hura musu iska, ya huce, ya koma inji ta tiyon ƙasa. In ruwan ya tsiyaye, inji ya ƙone. A wurin soja ya koyi tuƙi, ya san hanyar ruwan kamar hanyar gidansu, amma bai iya liƙi ba. Ni na iya liƙi ban san hanyar ba. Ranar muka zama abokai, kuma duk abin da na sani na inji a farkon aikina daga bakinsa na ji.

Maigidansa, Madugu Jatau, mutumin Bungudu ne, sa'an mahaifina. Duk rayuwarsa a bayan jakuna ya yi ta, yana fataucin gishiri da kanwa da goro. Da ya ga zamani ya juya sai ya sayar da jakunan kaf, ya sayi wata tsohuwar lori da wani kamfani ya gaji da ita. Gari ya ɗauka, wai tsoho ya musanya dabba mai rai da gawar ƙarfe. Shi ko a jikinsa. Ya sa mata suna Aura, sunan jakar da ya fi so. Ya yi mata rumfa a ƙofar gida don rana, yana shafa mata gaba kafin a tashi, in an yi mata lodi ya zagaya ya ga ko kayan sun karkata gefe guda. Ranar Juma'a ba ta fita ko ina, wai ranar hutunta ce, Bawa ma yana gida. Muna yi masa dariya a ɓoye, amma ban taɓa ganin mai mota da ke son motarsa kamar wannan dattijo ba.

Lagireton nan na farko, na cika shi da ruwa na kafa masa ido, sai naso yake ko ina, ba ka ce ga ramin ba. Na kwana biyu ina tunani. Can na tuna yadda masu salka ke yi in suna neman huda, su hura fatar su danna ta cikin ruwa. Na tashi zumbur na ce wa Bawa ya ɗauko mu tafi gulbi. Na toshe bakin sama da na ƙasa da totuwar masara naɗe da tsumma, na bar ɗan bututu guda, na cusa bakin zuga-zugi a ciki na ɗaure da tsirkiya. Muka nutsar da lagireto a wani gurbi mai ruwa garau, Bawa ya danne shi da gwiwa, ni kuwa na hau zuga. Zuga ɗaya, biyu, uku. Sai ga kumfa ƙanana suna tasowa a jere daga kusurwar ƙasa, ga wasu daga wuyan sama, ga wasu can tsakiya! Na yi ihu har masu wanki suka yo kanmu a guje, suna tsammani kada ya kama wani. Duk inda kumfa ta fito na soka ƙaya. Muka koma rumfa na busar da shi, na kankare, na shafa sinadari, na ɗora dalma. Muka sake komawa gulbi, na zuga har kafaɗata ta gaji, ko kumfa ɗaya. Ranar na hura wuta bayan kwana da kwanaki, na kuma shiga gida da dawa a ka.

Daga nan direbobin kamfani suka ji labari, aiki ya buɗe. Na koyi cewa kafin ka kwance komai, ka share ƙasan mota da yamma ka barbaɗa busasshen yashi, da safe ka zo ka karanta. Ɗigon gaba na lagireto ne ko tiyo, na tsakiya ka duba jikin inji. Amma yashi farkon zance ne kawai. Sai ka bi sawun ruwan da ɗan yatsa kana hawa sama, har ka kai inda jiƙa ta ƙare, to nan ne gidansa. Ka matsa tiyo da hannu, in ya yi laushi kamar dafaffen rogo ko ya bushe ya tsattsage, ya gama aiki. Ka duba ɗan makunnin da ake zubar da ruwa a ƙasa, don sau da yawa girgizar hanya ce ta kwance shi, mutum yana can yana zagin lagireto. Akwai yoyon da ba ya buɗewa sai ƙarfe ya yi zafi, akwai wanda sai ya huce.

Wata ƙaramar motar Bature mai sayen fata ta kusa zubar mini da mutunci. Kullum tana shanye garwa guda, yashi kuwa a bushe ƙamas. Na kai lagireto gulbi sau biyu, ba kumfa. Bawa ne ya zo wucewa ya ce in zaro sandar awon baƙin mai. Na zaro, sai ga mai ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Ya ce a tada ta in tsaya bayan salansa. Farin hayaƙi ne ke fita, na tara hannu ya jiƙe. Ashe ruwan ciki yake zuba, gasket, wato abin da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, ba aikin dalma ba ne sam. Tun ranar ba na taɓa lagireto sai na ga launin mai.

To, mu koma kan Aura. Bayan liƙin farko da mako uku sai ga Bawa ya dawo. Sabon yoyo, a wani wurin daban. Na ce tsohuwar mota ce, ba mamaki, na liƙe. Ba a yi wata ba ya sake dawowa. Wannan karon gulbi bai nuna komai ba, yashi ma haka, amma kafin su kai Bungudu daga Gusau sai ruwa ya yi ƙasa. Yoyon zafi ke nan, yana fitowa yana bushewa a jikin ƙarfe kafin ya kai ƙasa. Na rasa dabara har na bi ta marina wata rana na ga hannun marina baƙi wuluk. Na sayi ɗan shuni na dama shi a ruwa na zuba mata, na yayyaga tsohon farin ƙyalle na ɗaure duk wata mahaɗa da ke jikin hanyar ruwan. Na hau gaba kusa da Bawa, muka yi Bungudu. Wannan ce ranar da na fara shiga mota, ina riƙe da hula da hannu biyu, itatuwa suna gudu baya, ina ta salati Bawa yana dariya. Muna tsayawa na dira na ɗaga murfin inji. Duk ƙyallayen fari fat, sai guda ɗaya a wuyan lagireto ta baya, inda ido ba ya kaiwa, ya yi shuɗi shar. Na ɗaga shi sama ina nuna wa mutanen Bungudu kamar na kamo ɓarawo. Na liƙe wurin, na wanke shunin da ruwa mai yawa, na bugi ƙirji na ce an gama.

Ba a gama ba. Karo na huɗu liƙina ne da kansa ya saki, wanda na yi da hannuna a kusurwar ƙasa. Dalmar ta yi toka-toka tana marmashewa, abin da ban taɓa gani a buta ba. Na ga ɗan farin gari a bakin wurin, amma ruwan rijiya ma yakan bar irinsa, kuma Bawa mutum ne mai tsabta, kullum sai ya wanke motar ya goge, bai bar abin ya taru ba balle in lura. Na ji kunya ƙwarai, na yi shirin shan faɗa. Sai Madugu ya tsallake ni ya faɗa wa Bawa.

"Ba laihin maƙeri ba na. Na yi shekara talatin da dabba, ban taɓa ganin jaki ya yi gyambo don kainai ba, mai kora shi na. Kana zabga ta cikin ramu, kana kora ta da rana tsaka. In tas sake zubda ruwa, Bawa, ka nemi wani ubangida."

Ni na san tuƙin Bawa, yana lallaɓa motar nan kamar mai ɗauke da ƙwai. Kuma na san abin da korarsa daga aiki take nufi. Masu mota 'yan kaɗan ne, duk sun san juna. In aka ce ga direban da ya kashe motar Madugu, ba mai sake ba shi sitiyari daga Tsafe har Sakkwato. Ba shi da gona, ba shi da wata sana'a, yana da mata da 'ya'ya uku, ga shekara ta yunwa. Mun kuma ji cewa Madugu ya riga ya yi magana da wani direba daga wajen Zariya.

Bayan kwana goma sha wani abu, ina cikin rumfa da la'asar sai na hango wani yana tahowa yana ɗingishi, takalmi a hannu, ƙafa duk ta yi futu-futu. Sai da ya matso na gane Bawa ne. Direba, a ƙasa, tun daga Tsafe.

"Garba, Aura ta tahwasa. Mun ɗauko dawa can kudu za mu kai Bungudu, ba mu kai Tsahe ba tah hwara tururi. Turo ta anka yi har bakin kasuwa. Madugu ya rantse kar in ƙara taɓa ta."

Na ce, "Dawar fa?"

"Jakkai yay yi haya sunka kwashe, mutane na kallo suna dariya. Shi ya ƙara hwasa mai rai. Ni dai na zo, in kag gano ka gano. In ba ka gano ba na ƙare."

Na ba shi ruwa da fura, na sa aka gasa masa ƙafa. Da asuba na ari jakin maƙwabcina na ɗora zuga-zugi da dalma da buhun gawayi, muka kama hanya. Duk tafiyar nan ina lissafin mahaɗun motar ɗaya bayan ɗaya, ina tambayarsa inda yake ɗiban ruwa. Gulbi ne da rijiyoyin da kowa ke sha. Gaskiya tsoro nake ji, don ba ni da sauran dabara a jaka.

Mun kwana a hanya, muka shiga Tsafe ranar kasuwa da hantsi. Aura tana ƙarƙashin wata tsamiya kusa da inda ake ɗaure dabbobin sayarwa, ta yi kwana huɗu ba wanda ya wanke ta. Tun daga nesa na ga abin da ya tsayar da ni. Tumaki ne da awaki sun yi cincirindo a gabanta, suna ture juna, wasu sun durƙusa sun cusa kai ƙarƙashi. Wani jaki ya tsinke igiya ya zo yana lasar gindin lagireto, mai shi yana jan sa yana ƙi. Na ce wa Bawa ƙishirwa ce. Sai na lura ga kwarya cike da ruwa a gefe ba mai kula ta, ƙasan motar kuma a bushe yake ƙamas. Me dabba za ta lasa a busasshen ƙarfe? Na kore su na kwanta rigingine na shiga. Duk bakin liƙin ya yi fari, ɓawo ya taru mai kauri, ƙasar da ruwan ya zuba ma ta yi fari, tumaki sun lashe ta har sun yi rami. Na kankaro da wuƙa na ɗora a harshe. Kai! Na fito da sauri har na buge goshi, ina tofar da yawu ina dariya kamar mahaukaci. Kanwa ce, ba ko tantama. Ita ke cin dalmar, ita ke wanke tsatsar da ta toshe tsofaffin ramuka. Murnata ba ta daɗe ba, don nan take na tambayi kaina wa ke zuba ta, na kuma ga amsar tana tahowa da rawani da sanda. Madugu ne.

"Ɗan maƙera, wa ya kira ka? Ban aika ba."

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ƙahwata ta kawo ni. Ina roƙon ka zo gefe in nuna ma wani abu."

Muka koma bayan tsamiyar, inda ba kowa. Bawa yana can nesa a tsaye, bai ko matso ba. Madugu ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro, ba zan iya duban idonsa in ce shi ne ba. Na miƙa masa bakin wuƙar.

"Baba, kai kas san kayan hwatauci. Ɗanɗana ka gaya man mi na na."

Ya lakata ya taɓa a harshe, sai fuskarsa ta saki.

"Wagga ai kanwa ta. Ungurnu, mai kyawon. Tawa ta, ni ka ba ta."

"Kai ka ba ta, Baba?"

"Dut Juma'a da sahe. Dunƙule guda nika jiƙawa cikin garwa ta kwana, in tace da ƙyalle in ba ta da hannuna. Dabbad da ka ɗaukar kaya ba a hana mata kanwa, ɗan nan, ita ka wanke ciki ta sa ƙarhi. Ba don ita ba da wancan ya daɗe da kashe man ita."

Yana faɗa yana alfahari, ni kuwa tausayinsa ya kama ni. A shekarar da mutane ke awon dawa da tafin hannu, shi yana ware mafi kyawun kanwarsa don motar nan. In na ce masa kanwa na cin dalma, cewa zai yi yaro ne ni, me na sani. Ina ta wasa da wuƙa, can dabara ta zo mini.

"Baba, garwad da kaka jiƙa kanwar, tana nan?"

"Wace? Ta huɗu ta yanzu. Garwar zamanin ga ba ta da ƙwari, wata guda sai ta hwara ɗigo wurin liƙi, sai in yar in ɗauko..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi wuƙar, ya dubi motar, ya sake dubana.

Na ce a hankali, "Liƙin garwa da liƙin cikin Aura dalma guda ta, Baba."

Ya jingina da tsamiyar ya zame ya zauna a kan saiwa. Na tsuguna kusa da shi na ce ba wanda ya ji, zan ce wata rijiya ce a hanya mai ruwan kanwa, a daina ɗiba a can, a mai da Bawa aikinsa, shi ke nan. Ya girgiza kai.

"Rijiya ba ta kori Bawa ba. Yi aikinka."

Na kwance lagireto ni kaɗai, don har yanzu rantsuwar tana kan Bawa. Na hura wuta a nan bakin kasuwa. Na ɗauraye cikinsa da cikin inji, garwa bayan garwa, ina taɓa ruwan da ke fita da yatsa har ya daina santsi, ina ɗanɗanawa har ya koma ruwa. Na narke tsohuwar dalmar duka na kankare kowace mahaɗa na sake ɗora sabuwa. Ba gulbi kusa, sai na ari babban kwamin shayar da shanu na nutsar da shi rabi-rabi, na zuga, ba kumfa. Mutanen kasuwa suka bar ciniki suka kewaye ni, har da waɗanda suka yi dariya ranar jakuna. Madugu yana zaune inda na bar shi, ko ruwa bai sha ba, sallar azahar kawai ta tashe shi. Sai bayan la'asar na ɗaure tiyo na ƙarshe na cika ta da ruwan rijiya zalla.

Sannan ya miƙe ya tako tsakiyar mutane ya ɗaga murya.

"Bawa, taho nan."

Bawa ya zo ya durƙusa.

"Tashi. Jama'a, ku da kunka ji na zage shi, ku ji wagga ma. Yaron ga bai yi ma motata komi ba. Ni nic cuce ta da hannuna, ina ba ta kanwa kamar jaka, nij juya nid ɗora mai. Rantsuwata ni ka yi mata kaffara. Bawa, ka yahe man."

Bawa ya gyaɗa kai. Motocin lokacin ba makulli ake murɗawa ba, wani lanƙwasasshen ƙarfe ake cusawa ta gaba a juya da ƙarfin tsiya, aiki ne na ƙasƙanci da hatsari, in inji ya yi tutsu ya karya maka hannu. Bawa ya ɗauko ƙarfen zai cusa. Madugu ya karɓe shi daga hannunsa.

"Hau ka zamna wurinka."

Na yi wuf zan karɓa, ya ture ni da gwiwar hannu. Ya naɗe hannun riga, ya kafa ƙafa, dattijo mai furfura a gaban kasuwar Tsafe. Ya murɗa sau ɗaya, shiru. Ya murɗa na biyu, rawaninsa ya warware ya faɗi ƙasa, ba wanda ya yi dariya. A na uku Aura ta yi tari ta kama, ta cika wurin da ƙara, tumaki suka watse. Na leƙa ƙasa, ba ɗigo ko ɗaya. Madugu ya ɗauki rawaninsa ya kakkaɓe, ya zagayo gefen direba yana haki, ya ɗaga kai ya dubi Bawa.

"Malam Bawa, in ta ji ƙishirwa kai kas sani. Ni dai gaya man inda za ni zamna."